Zanin da ya ciro Kabiru daga teku

Iyaye mata, ina gargaɗinku: kada ku yarda da namijin da ya ce ya iya ruwa sai kun gani da idonku.

Jiya ɗana Kabiru ya ce zai kai jikokina yawo a jirgin ruwa. Shi ya manta, ni ban manta ba.

Lokacin da kuɗin mai ya fara zuba a Saudiyya, mijina, Malam, yana tuƙa wa wani Balarabe mota a Riyad. Da hutu ya zo, Balaraben ya tafi da mu bakin teku, muka tare a jirginsa na katako, yau tsibiri, gobe garin masunta. A ciki nake girki, a ciki nake shanya. Kullum sai Malam ya tuna mana cewa a kududdufin unguwarsu babu kamarsa wajen iya ruwa.

Wata rana jirgi na tsaye, Kabiru, yana ƙarami, ya leƙa kallon kifi. Sai muka ji tsundum.

Malam ya cire hula. Ya cire agogo. Ya fara ninke babbar riga.

Ni kuwa na fizgo zanina daga igiyar shanya, na wurga wa yaron bakin zanin. Ya kama, na jawo shi kamar guga.

"Binta, ai yanzu zan shiga," in ji Malam.

"Na gani, Malam. Riƙe hularka, kada iska ta ɗauke."

Allah ya jiƙansa. Wadda ta ga na tsananta ta faɗi ra'ayinta a ƙasan wannan rubutu, amma na kafa doka: babu jikan da zai taka jirgi sai ina ciki, da zani a hannuna.