Ranar da "Shi" ya cinye allon majami'armu

Ina cikin rubuta waƙar Kirsimeti a allon majami'armu, kusa da Ruwan Godiya, sai Baba Nomau, dattijon ikilisiya, ya nuna da sandarsa.

"Malama, me ya sa wannan harafin ya ɗara 'yan'uwansa?"

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, har mun yi rufin kwano, amma littafin waƙa ɗaya tal gare mu.

Na ce, "Baba, in 'Shi' na nufin Ubangiji, da babban harafi ake farawa, don girmamawa."

Ya ɓata rai. "Iyakar girmamawar ke nan? Sunan Alhaji mai mota a jikin motar kasuwar Yankara ya fi wannan. Ƙara!"

Na goge, na ƙara. Ya ce da saura. Sai da kowane "Shi" ya kai faɗin faifai, baiti na biyu ya rasa wuri.

Ran Kirsimeti, gaban baƙinmu na garin Ketare, sau huɗu muka maimaita baiti ɗaya. Kamar in nutse don kunya.

Baba ko a jikinsa. "Bar damuwa, Malama. Ai Shi ya san sauran."

Har yau na kasa ƙaryata shi. Ku fa, da me za ku ce masa?