Baba Justin da Ogan Mai Jiran Muryar Mama Jimmai

Tun kafin gari ya waye sosai Baba Justin yake kan sitiyarin bas ɗin makaranta, yana kwasar yara daga gidajen haya na Gate City Boulevard. In ya sauke su, abokan aikinsa kan tafi gida su ɗan runtsa kafin ɗaukar yamma. Shi kuwa coci yake nufa. Ya tuɓe takalmi, ya hau benci da safa, ya yi ta taɓa ogan, abin kiɗan nan na coci, shi kaɗai har lokacin komawa ya yi. Haka muka san shi shekara da shekaru.

Mu masu sujada da Hausa a garin nan na ƙasar Turawa ba mu da yawa, ba mu kuma da ginin kanmu. Wata ikilisiyar Turawa ce take ba mu aron majami'arta ran Lahadi da yamma. Baba Justin ne mai mana kiɗa. A Jos ya koya, da ƙaramin ogan ɗin nan da sai an yi ta taka shi da ƙafa kafin ya yi numfashi. Burinsa ɗaya tun yana saurayi: ya ɗora hannu a kan babban ogan mai bututai, wanda iska ke bi ta cikinsu su yi amo. Ya faɗa mana wannan buri har mun haddace, muna ganin zai fara sai mu ƙarasa masa.

Sai ga shi masu ginin sun sa sabon ogan irin wanda yake buri. Bututai reras har rufi, wasu sun fi mutum tsawo, wasu ba su wuce yatsa ba. Suka kuma ce mai kiɗanmu ya taɓa. Ranar farko Baba Justin ya buɗe muryoyinsa duka, benci ya ɗauki rawa a ƙarƙashinmu. Na ga hawaye a fuskarsa, ni ma ban tsira ba.

To, mu kuwa muna da al'adarmu. Lokacin baiko, wato sa'ad da ake ba da sadaka a coci, ba mai kiɗa ke fara waƙa ba. Mace ce take ɗauko ta daga inda take zaune, a muryar da Allah ya ba ta ranar, mata su amsa, tulu da caki su shigo. Mai ɗauko mana ita ce Mama Jimmai, tsohuwa mai waƙoƙin zumuntar mata cike da kai, waɗanda babu su a rubuce ko'ina. Ranar nan daɗi ya kwashe Baba Justin, ya riga ta farawa. Ta miƙe ta ɗauko a tata muryar, ogan yana gabas tana yamma, ya danne ta har ba a jin ko tarinta. Yara suka ƙyalƙyale da dariya. Ta zauna a hankali, ta gyara ɗankwali.

Lahadi ta gaba ba ta tashi ba. Ta bayanta ba ta zo ba, wai ƙafa. Kowa ya san ba ƙafa ba ce. Baiko ya koma shiru kamar layin asibiti, muka ga waƙoƙin nan za su bi ta su zauna a ɗaki, yaranmu da ko gaisuwa da Turanci suke amsawa ba za su ƙara jin su ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Boukari na ji shi, mutumin Maraɗi mai kula da tsabtar ginin. Musulmi ne, ba ruwansa da waƙarmu, amma yana nan yana goge-goge. Ya ce wata Talata ya ga Baba Justin ya shigo riƙe da hannun tsohuwar, tana ta mita.

"Ni ka mai da ni gida, Justin. Wannan injin naka ba ya bukatar mutum."

"Mama, laifina ne, ba nasa ba. Ki ɗauko ko wacce, ni zan neme ki."

Malam Boukari ya ce, "Wallahi sai ya rurrufe manyan muryoyin duka, ya bar wata 'yar siririya kamar sarewa. Madam ta fara, yana lalube a hankali har ya same ta. Ta ce ya yi sauri, a sake. Ya sake. To, ni dai na gama aikina na bar su, tana ta yi masa faɗa yana cewa to."

Tun daga nan doka ta zauna. Lokacin baiko Baba Justin yakan naɗe hannu a cinya ya jira. Sai Mama Jimmai ta ɗauko, sannan ya shigo ta ƙarƙashinta, a hankali, har ka rasa inda muryarta ta tsaya inda bututu ya karɓa.

Baba, kai ne ka jira abu tun kana da baƙin gashi, da ya zo hannunka ka rage masa murya saboda tsohuwa ɗaya. Kai ne mai kiɗan da ya fi kowa iya shiru. Muna ƙaunarka, kuma yau mun faɗa a fili.

Yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, zai koma wurin 'yarsa Nanven a garin Summerfield. Lahadin da ta wuce ce ta ƙarshe. Muka roƙe shi ya buɗe ogan duka, ya sha daɗinsa sau ɗaya. Ya yi murmushi, ya naɗe hannu, ya jira. Mama Jimmai ta ɗauko, ya bi ta kamar kullum. Ana tsakiyar waƙa sai ta juyo, ta ɗaga sandarta sama.

"Justin! Buɗe shi duka, yau ni zan bi ka!"

Ya buɗe. Ginin ya cika, ita kuma tana tsaye tana rerawa, ba mai jin ta, ba ta kuma damu ba.

Mun gode, Baba Justin. Allah ya ba yatsun nan sauƙi. Ku kuma matasan da ke layin hawa bencin nan, bututan suna nan ba za su gudu ba. Ku fara koyon naɗe hannu, ku saurari wadda za ta ɗauko.