Baƙon da Ke Neman Mai Muryar

Tun safe Nalwanga ke satar kallon mutumin da ke zaune a bencin ƙofar shagonta na fina-finan kwafi a Kampala. Takalminsa fes, ko ɗigon jar lakar unguwar babu. Kwamfuta na kan cinyarsa, amma ba kallo yake yi ba. Yakan ɗauki kwalin faifai ya buga sunan fim ɗin, sai na'urar ta janyo bayani da kanta, rubutu na zubowa kamar tururuwa: shekarar fitowa, 'yan wasa, kamfanin da ya mallaki fim ɗin. Ina ruwan mai son kallo da mamallaki? A nan ko jarumi ba a tambaya, sai dai wa ya fassara da harshen Luganda.

"Yaya," in ji shi yana murmushi, "manhaja nake haɗawa. Rumbun intanet ya ba ni komai, ban da sunan mai fassara. Muryar wa ke kan wannan?"

Muryar mijinta ce. Irin wannan murmushin aka yi wa maƙwabcinta bara, kafin hukuma ta kwashe masa kaya.

"Ai ya rasu, ƙanena," in ji ta.

Daga bayan labule, mamacin ya yi tari.