Kawu Isiya da Abin Awon Jini

Fus, fus, fus. Duk wanda ya taɓa zama a bakin tashar Batsari ya san wannan ƙarar, ya san ƙamshin roba da sholisho da ke biyo ta. Kawu Isiya Mai Faci ke nan, ƙanen Innata, ya kama dantsen wani bawan Allah yana hura masa iska.

Abin awon jinin nan, wani tsohon malamin asibiti ne ya bar masa da zai yi ritaya, irin na da, mai ƙyalle da ƙwallon roba da ɗan agogo. Tun daga ranar facin taya ya koma aikin gefe. Agogon kuwa ba ya bari kowa ya leƙa, cikin tafin hannu yake ɓoye shi, wai sirrin likita ne. "Mutum ma taya ne," in ji shi, "sai an matsa ake sanin lafiyarsa."

Kun dai san matsalar. In Kawu ya hura ya cika, sai labari ya faɗo masa. Hannunka na nan ɗaure, yatsu sun fara yi kamar kiyashi na yawo a ciki, shi kuwa yana can yana ba ka labarin wata motar gyaɗa da ta kafe a hanyar Ruma. Sai ya kai ƙarshe zai sassauta. Kafin ka gama murza hannu ya ce bai gani da kyau ba, a sake.

Ranar da wani malamin makaranta daga Safana ya zo neman auren Yaya Hadiza, Kawu ya tare shi a zaure, ya naɗa masa ƙyalle, ya hura.

"Malam, kana shan taba?"

"A'a, Kawu."

Fus, fus.

"Na taɓa sha. Sau biyu."

Fus.

"Na daina bara, wallahi na daina."

Kawu ya duba tafin hannunsa, ya gyaɗa kai. "Jininka lafiya lau. Gaskiyarka ce ke buƙatar famfo." Har yau in mijin Yaya ya ga mai faci sai ya saki hannun riga.

Ko ragon layya bai tsira ba. Ana gobe Sallah Kawu ya naɗa wa ragonmu ƙyallen a ƙafar gaba, ya fito da fuskar jimami ya ce jinin ragon ya hau sosai. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Isiya, kai ma in kana jin ana wasa wuƙa a bayan ɗaki, naka zai hau."

Inna ce kaɗai a duk Batsari ta hana shi hannunta. Shekara da shekaru yana lallashi. "Yaya, minti ɗaya." Ita kuma amsarta ba ta canzawa: "Hannuna ba tayar keke ba ne."

Wata safiya da damina, ina shanya wanki, na ji ludayi ya faɗi. Na juya na ga Inna zaune a gaban murhu, bakinta ya karkace, hannun dama ya zube a cinyarta kamar ba nata ba. Tana kallona, tana son kiran sunana, sunan ya ƙi fita. Maƙwabta suka cika gida. Wata ta ce a kawo garwashi a yi hayaƙi, wata ta ce kada a motsa ta sai rana ta yi sanyi.

Sai ga Kawu, hannu duk baƙin taya, abin awo a hammata. Ban taɓa ganin ya yi magana gajera ba sai ranar.

"Shanyewar ɓarin jiki ce. Katsina. Yanzu."

Shi ya tsayar da mota, shi ya ɗauke ta. Baba ya zauna gaba, ni da Kawu muka sa Inna a tsakiya. Ba mu bar gari ba na ji fus, fus, fus. Ya kama hannunta na hagu, mai lafiyar.

"Yau dai kin ba ni, Yaya," ya ce.

Baba ya waiwayo. "Malam Isiya, don Allah ka ƙyale matar nan."

"Malam, kai ka yi addu'a, direba ya yi tuƙi. Ni abin da na iya ke nan."

Ya hura, ya shiga ba ta labarin ranar da ta goya shi suka faɗa rafi. Labari ya ƙare, ya sassauta. Ya huta kaɗan, ya sake hurawa, ya ɗauko na akuyar kakarsu. Haka har ƙofar asibiti. Ni ina kallon gonakin gero suna gudu ta taga, ina roƙon Allah ya bar min muryar uwata.

Hoton kai ya nuna gudan jini ne ya toshe wata jijiya. Likita ya ce mun kyauta da ba mu tsaya jira ba. Kawu kuwa ya tare a asibiti. Safe da yamma sai ya faki idon ma'aikatan jinya ya naɗa mata ƙyalle. Sau uku ana korarsa, yana dawowa da abin a cikin hula.

Kwana na biyar, ya hura, ya nutsa cikin labarin motar gyaɗa. Sai muka ji wata murya, a hankali, kalma na jan kalma:

"Isiya. Sakar. Min. Hannu."

Kawu ya saki ƙwallon roba, ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Kun ji ko? Zagina za ta yi. Ta warke."

Bayan shekaru, ina jami'a, na ba wata ƙawata mai karatun likita wannan labarin don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce likitoci na gwada irin haka ga masu shanyewar ɓarin jiki: a matse dantse kamar minti biyar, a saki, a maimaita, ko jiki zai farga ya aika wa ƙwaƙwalwa kariya. Ta ce ba a gama tabbatar da amfaninsa ba, kuma saurin kai Inna asibiti shi ne babban abin. Da na gaya wa Kawu, ko mamaki bai yi ba. "To, sun fara kamo ni."

Bara ya rasu, cikin barcin rana, a kan bencinsa. Allah ya jiƙan Kawu Isiya, ya sassauta masa kamar yadda yake sassauta mana in labari ya ƙare, ya sa kabarinsa ya yalwata.

Abin awon yana wurin Inna yanzu. Kwanan baya na naɗa a hannuna na hura, na ga tsinken agogon bai ko motsa ba. Na ce mata ya lalace.

Ta karɓa da hannun dama, ta shafa gilashin. "Tun ranar da aka ba shi bai taɓa motsi ba. Fuskar mutum Isiya yake dubawa."