Hoton Baba da na ƙanƙanta da hannuna

Edita, a shekarun da kyamarori marasa fim suka fara shigowa Garwa, ni saurayi ne mai ɗan shago a Jambutu. Karatuna bai yi nisa ba, amma na koyi aikin zane a kwamfuta, ina tsara katin gayyatar biki da kalanda da allunan shaguna. Mahaifina mahauci ne, ya so in gaji wuƙa, da ya ga hankalina ba ya wajen sai ya ƙyale ni. Yakan tsokane ni da cewa shi yana yanka abin da za a ci, ni ina yanka takarda. Har yau idan na ji ƙamshin balangu da yamma, muryarsa nake ji.

Aikina yana bukatar hoto, kullum sai na nemi mai hoto in jira a wanke fim. Na daɗe ina tara kuɗin kyamara, abin da na tara kuwa ba zai sayi mai tsada ba. Biyu na samu daidai ƙarfina. Ɗaya tsohuwa ce baƙa mai nauyi, ta wani dattijo mai ɗaukar hoto da idonsa ya fara rauni. Ɗayar sabuwa ce fil, ruwan azurfa, a wajen wani ɗan kasuwa da ke kawo kaya daga Najeriya. Dattijon ya kira ni ɗana, ya ce kada in saya ko tasa ce sai na ɗauki hoto na buga a babbar takarda na gani, domin mai aikin ɗab'i takarda ce alƙalinsa. Ya kuma ce in bar wani abu cikin kuɗin don sayen babban kati na ajiye hotuna. Na yi masa godiya, na je na sayi mai ƙyalli, saboda ina son masu ba ni aiki su gan ta a wuyana. Canjin da ya rage na sayi jaka da shi.

Katin da ta zo da shi hoto kaɗan yake ɗauka ya cika. Wani mai sayar da atamfa ya ba ni aikin kalanda, yana son a ɗauki kayansa da yawa, sai na shiga cikin kyamarar na mayar da girman hoto can ƙasa don su shiga duka. A ɗan gilashin bayanta ban ga wani bambanci ba, na ma ɗauka dabara na yi. Na bar ta a haka na manta.

Baba ba ya son hoto. Guda ɗaya gare shi, na katin ɗan ƙasa, wanda yake cewa ya fito a ciki kamar ɓarawon shanu da aka kama. Wata Juma'a mun dawo daga masallaci, yana sanye da shuɗiyar rigarsa, ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce in kawo akwatin ashanar nan nawa, wato kyamarar, ya ga ko tana aiki. Inna ta leƙo daga zaure tana ce masa Malam ya gyara hula, ya juya yana dariya, a lokacin na danna. Ya daɗe yana kallon ɗan gilashin, ya ce wannan kam shi ne, har wushiryarsa ta fito. Ya ce in buga masa babba a rataye a ɗaki. Na ce to, zan buga idan aiki ya ragu.

Da damina ya dawo daga kasuwar shanu ta Gidar da zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi. Allah Ya jiƙansa.

Bayan Inna ta fita takaba, ta tuna mini maganar hoton. Na je shago na buɗe shi a kwamfuta, na ja shi zuwa girman kalanda. Fuskar ta watse ta zama ƙananan murabba'ai, idanun suka zama duhu biyu, dariyar kuma farin tabo. Na yi duk abin da na iya. Na kai wa dattijon nan, ya duba, bai tuna mini maganarsa ba, ya ce dai abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu mai dawo da shi. Duk da haka na buga na kai gida. Inna ta riƙe takardar, ta nesanta ta, ta matso da ita. Ta ce ta gane rigar, ta gane hular, ta gane bishiyar. Ta miƙo mini, ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta shiga ɗaki.

Na sake buga shi ƙarami, bai fi kwalin ashana ba, domin a wannan girman kaɗai yake kama da shi. Yana cikin jakar hannun Inna har yau. Na yi amfani da kyamarori masu kyau bayan haka, na ɗauki fuskokin mutanen da ban sani ba har ana ƙirga gashin gemunsu.

Ƙannena masu shiga wannan sana'a da ɗan jari, rashin kuɗi bai cuce ni ba, son a gan ni ne ya cuce ni. Ku gwada kyamara a takarda kafin ku biya, ku bar kuɗin kati, kada ku rage girman hoto don neman wuri. Idan kuma mahaifinku ya ce ku buga masa hotonsa, ku buga a ranar. Da na yi haka, da na ga kuskurena yana nan zaune a gindin darbejiya, in ce Baba a sake.