Gemun Malam Rabe na Jingina

Duk wanda ya yi karatu a hannun Malam Rabe na Tsaskiya ya san ba ya fara darasi sai ya shafa gemunsa ya ce, "Ku bi ni a hankali, yara. Wannan ba nawa ba ne, jingina ne."

Kuma da gaske yake! Shi ne malamin addinin Musulunci a sakandaren 'yan Katolika da muka yi, shi ne kuma ya bi ƙauyukan Batsari da Safana a kan tsohon babur ɗinsa yana roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu. Da ya zo gidanmu a Yasore, Baba ya ce, "Malam, in yaron nan ya dawo mini da addinin Fada fa?"

"Malam Idi, ka aske mini gemu."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

Baba bai yi dariya ba. Ranar kasuwar Batsari ya sayo sabon almakashi ya adana, ya ce mini duk ranar da ya taɓa gemun nan, ranar na gama boko, sai kiwo.

Maƙon Malam kuwa, kun san shi. Bai taɓa sayen agogo ba. Da ƙararrawar coci ta buga da tsakar rana sai ya ce a fara cika butoci, azahar na tafe. Ranar da igiyarta ta tsinke, har ofis ya bi Fada, limamin cocin.

"Fada, wane irin sakaci ne wannan? Yau na kusa makarar da yara salla saboda kai!"

"Malam, ka sayi agogo mana."

"In saya, kai kuma aikinka me?"

Kafin la'asar an ɗaura sabuwar igiya.

To ga inda na shigo, Allah ya yafe mini. Lokacin darasin addini aji yakan rabu biyu. Kiristoci su zauna ciki da Sista ƙarƙashin fanka, mu kuma a fita gindin darbejiya inda cinnaku ke jiranmu. Sista kuwa biskit take ba duk wanda ya amsa tambaya daidai. Ni a lokacin cikina ke yi mini tunani. Sai na fara maƙalewa a bencin baya na ajin Sista.

Rannan aka yi gasa a kan labarin Yusufu. Wa ya jefa shi rijiya? Me sarki ya gani a mafarki? Kai, ai a bakin Malam na haddace wannan! Na kwashe tambayoyin kaf, aka ba ni gwangwanin biskit a gaban makaranta duka. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Yasore, wai ɗan Idi ya zo na ɗaya a karatun coci.

Sai ga Baba da almakashi a aljihu.

Malam ko gezau. Ya sa aka kawo masa kujera gindin darbejiya. Fada ya fito da sauri yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, yaron nan ko ƙofar coci bai taɓa takawa ba, biskit ya biyo."

"Fada, koma gefe," in ji Malam. "Shari'ar gemu ake yi, kai kuwa ba ka da shi."

Ya juyo kaina. "Kai Mannir, wa ya koya maka labarin Annabi Yusufu?"

"Kai ne, Allah gafarta Malam."

"To kyautar tawa ce, miƙo gwangwanin. Ka bar salla?"

"Wallahi ban bari ba."

"Ka bar ajina?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Malam Idi, addini yana nan, saboda haka yaro ba ya komawa kiwo. Amma ya sulale daga gabana ban lura ba. Rage gefe ɗaya."

"Haba Malam, a bar shi haka nan."

"Alkawari ne. Rage!"

Baba ya zaro almakashin ya rage.

Zangon nan gaba ɗaya haka Malam ya yi ta yawo da gemu a karkace, ya ƙi a daidaita masa. Bai taɓa ni ko da tsinke ba. Sai dai ya zaunar da ni a gaba, ya juyo mini gefen da aka rage, ya ɗauko biskit ɗaya yana ci a hankali, ya ce, "Mannir, kana gani da kyau ko in matso?" Wallahi da bulala ya yi mini da ta fi sauƙi.

Bayan na girma, duk sanda na ɗauko maganar don in nemi gafara sai ya katse ni: "Kai tafi can, ai ya tsiro."

Da daminar nan ya rasu. A wurin ta'aziyya a Tsaskiya na ga Fada, ya tsufa ƙwarai, zaune a tabarma cikinmu. Na duba fuskokin da ke wurin, kusan kowa sai da Malam ya tsaya masa kafin ya ga ƙofar aji.

Allah ya jiƙan Malam Rabe, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya mana a gaban iyayenmu, Allah ya sa Manzo ya tsaya masa. Amin.