Rabi da Barbarar Fara

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a nan Damagaram. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, don abin da zan faɗa ba na yabon kaina ba ne.

Rabi ilimin ƙwari ta karanta. Da ta gama jami'a, aikinta shi ne bin fara a gonakin Tirmini tana duba yadda suke barbara. Takan wuni tsugune cikin gero, da kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik a hannu. Ita ta gaya mini namijin fara kan goga ƙafarsa a fiffike ya yi ƙara, macen ta saurara, ta ƙi wannan ta karɓi wancan. So take ta gane abin da macen ke ji a ƙarar har take zaɓe. Tana ba ni labari tana dariya, ni kuwa ina duban ƙofa kada wani ya ji.

Ni baduku ne mai rumfa a kasuwa, kuma bakin mutane yana damuna. An fara kirana yayan mai leƙen fara. Ran sunan ɗiyata, wani abokin cinikina Bakano ya tambaye ni aikin Rabi, daidai ta shigo da kwanon tuwo. Na ce, "Ba wani aiki, Alhaji, karatu ne ya taɓa mata kai." Aka yi dariya. Ta ajiye kwanon a hankali ta ce, "A ci lafiya, Yaya." Ba ta sake yi mini zancen fara ba har zazzaɓi ya ɗauke ta.

Bayan sadakar arba'in aka kawo mini kwali cike da kayen da ta rubuta. Na buɗe ɗaya, na ga zanen fara biyu a haɗe. Kunya ta kama ni, na kwashe su duka na ba mai ƙosan unguwarmu ta riƙa naɗe wa mutane.

Bana bayan kaka wani dattijo, Malam Issufu, ya zo rumfata daga Tirmini. Ya ce Rabi ce ta nuna wa manoman garinsu irin ƙasar da macen ke zuba ƙwai bayan barbara, har yau sukan kafce wurin rana ta ƙone ƙwan. Ɗiyarsa tana lakwal, makarantar koyon noma, malamanta kuma suna cigiyar rubutun Rabi.

"Ko takardun suna wajenka, Malam?"

Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon fatun da ke rataye, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙanta," ya tafi. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ƴan mata na shiga gona da salula suna ɗaukar kukan ƙwari, iyayensu na alfahari. Na san da tana nan da ta bi su cikin gero, ba za ta ma tsaya jiran in ba ta haƙuri ba.

Abin da ta faɗa wa manoma da baki yana nan a gonakinsu. Abin da ya faɗo hannun ɗan'uwanta, wanda ya iya karatu, shi ne ya salwanta. Duk wanda Rabi ta taɓa koya wa wani abu, don Allah ya zo rumfata ya faɗa mini. Na sayi kaye sabo, zan rubuta.